Inda Lauya Craddock Yake Kwana

Lemuel Craddock ba ya minshari. Haka yake cewa, kuma shekara ashirin yana faɗa.

Lauya ne a gundumar Ashby, cikin jihar Kentucky, tun zamanin da kotun gundumar rumfa ce ta gungumen itace, alƙali yana zama a kan ganga. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ga murya. In ya tashi magana a kotu, dawakin da ke ɗaure a waje sai sun ɗaga kunne. Bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Akwai wata magana da yake ji da ita, yana faɗinta a kotu, yana faɗinta in ya hau kututture neman ƙuri'a: "Namijin da bai iya riƙe gidansa ba, kada a ba shi riƙon gunduma."

Abu ɗaya ya gagare shi, kujerar majalisar jiha. Sau uku ya tsaya, sau uku Barnabas Tolliver ya kayar da shi. Na ƙarshen da ƙuri'a tara.

Tolliver shi ma lauya ne. Gajere, mai sanƙo, mai murmushin wanda ya san inda ka ɓoye abu. Sau biyu a shekara alƙali da lauyoyi sukan hau dawaki su fita rangadi, gari gari, ana shari'a. A masauki gado ba ya isa, mutum bibbiyu ake kwantarwa, kuma tun rangadin farko aka haɗa Craddock da Tolliver. Da rana su yi ta yagar juna a gaban alƙali, in an tashi su ci abinci a teburi ɗaya. Da safe sai Tolliver ya fito da jajayen idanu da ciyawa a wuyan riga, domin a barga ya ƙarasa kwanansa.

"Jiya an sha tsawa," in ji Tolliver a wajen karin kumallo.

"Ni ban ji ba," in ji Craddock.

"Ina za ka ji? Ai kai ne hadarin."

Craddock ya ce sharri ne irin na abokin hamayya, ya ci gaba da cin burodin masararsa.

A shekarar 1804 iska ta juya. Tolliver ya goyi bayan rage ladan da ake ba wanda ya kashe kyarkeci, a shekarar da kyarketai suka gama da tumakin mutane. Manoma suka ƙullace shi. Duk inda Craddock ya tsaya magana, huluna sai tashi sama suke yi. Shekararsa hamsin da tara. Ya san in bai hau kujerar bana ba, ba zai hau ba.

Saura kwana goma sha biyu zaɓe aka kawo masa sammaci. Ya karanta a tsaye a ƙofar gida. Mai ƙara: Enos Fitch, maƙeri. Lauyan mai ƙara: Barnabas Tolliver. Abin da ake ƙara: wai Lemuel Craddock ba mazaunin gundumar Ashby ba ne, mazaunin gundumar Pell ne, kuma doka ta ce sai wanda ya cika shekara guda yana zaune a gunduma zai tsaya mata takara.

Enos Fitch ko sunansa bai iya rubutawa ba. Kowa ya san hannun wa ke cikin rigar. Tolliver bai so a ce ya kai abokin takararsa kotu don tsoron faɗuwa, shi ya sa ya ari sunan maƙeri.

Craddock ya yi dariyar da ta tashi kaji. Shekara shida ke nan da aka yanke Pell daga jikin Ashby. An ja iyakar a takarda, daga wata tsohuwar bishiya mai sara uku zuwa mashigin kogi, kuma a wannan yankin ba wanda ya taɓa bin ta da ƙafa. Shi dai ya san a Ashby yake jefa ƙuri'a, a Ashby yake fita aikin gayya na gyaran hanya.

"A kawo safiyo," ya ce. "A auna a gaban kowa. Ni na nema."

Alƙali Absalom Pruett ya ba da izini. Ranar Laraba da hantsi safiyo ya kafa kamfas ɗinsa a gindin bishiyar, mutum biyu suka ja sarƙar awo. Mutum kusan arba'in suka bi su, domin an gama girbin alkama, kuma kallon kyauta ba ya ƙin ɗan kallo. Sarƙa ta ratsa kurmi. Ta ratsa gonar taba ta maƙwabci. Ta shiga shingen Craddock, ta bi ta cikin waken matarsa, ta wuce gefen rijiya. Craddock yana biye da hannu a baya, yana jira ta karkata. Ba ta karkata ba.

Gidan nasa irin na kowa ne: ɗaki biyu na gungume a ƙarƙashin rufi ɗaya, da buɗaɗɗen zaure a tsakaninsu inda iska ke wucewa, karnuka ke kwanciya. Sarƙar ta hau matakala, ta bi tsakiyar zauren, sai da aka ɗaga tsohon kare ta wuce, ta fita ta baya.

Safiyo ya goge goshi. "Ɗakin gabas Ashby," ya ce. "Ɗakin yamma Pell."

Ɗakin gabas shi ne na littattafai da teburin aiki. Ƙofarsa a rufe take. Ɗakin yamma ƙofarsa a buɗe, kowa yana hango babban gadon aure mai ginshiƙi huɗu, wanda aka tsallako da shi duwatsu daga Virginia a kan keken shanu. Keziah, matar Craddock, tana tsaye a bakin ƙofar tana ɓarar wake a kwano.

Tolliver ya cire hula, ya gaishe ta, sannan ya juyo ga jama'a. "Jama'a, kun tuna shari'ar mai injin niƙa, shekara biyar da suka wuce? Shi ma iyaka ta raba gidansa biyu, can wajen mashigi. Ni na ce inda mutum yake sana'a nan ne garinsa. Wani babban lauya ya tashi, ya yi awa uku yana magana, ya ce a'a. Ya ce inda mutum yake kwana nan ne garinsa. Ya kuwa kayar da ni. Yaya ma sunansa?"

"Craddock!" jama'a suka amsa.

"Madalla. Ga gado can, ga Pell can."

To, akwai abin da mutum uku kaɗai suka sani. Shekara biyu da suka wuce, an dawo daga rangadin kaka, Tolliver ya tsaya cin abincin rana a gidan. Keziah ta ajiye masa naman barewa, ta tsaya a kansa, ta ce, "Mista Tolliver, don Allah yaya kake yi da shi a hanya? Shekara talatin ina haƙuri. Yanzu abin ya ƙaru, har kwanuka motsi suke yi." Tolliver ya ce bango ɗaya ba ya isa, sai biyu, da fili a tsakani. Kafin Craddock ya haɗiye lomarsa, Keziah ta kama ƙaramin gadon igiya na baƙi ta gefe ɗaya, Tolliver ya kama ɗaya gefen, suka tsallaka zaure da shi suka dire a bayan akwatin littattafai. Tun daga ranar a ɗakin gabas Craddock yake kwana. Ya sa su biyun suka ba shi kalmarsu cewa maganar ba za ta fita ba. 'Ya'yansu mata sun yi aure can ƙetaren kogin Ohio, ba su da bara a gida. Maganar kuwa ba ta fita ba.

Da jama'a suka watse, Craddock ya tarar da Tolliver a bakin rijiya yana shayar da dokinsa.

"Barnabas, kai ka ɗauki gadon nan da hannunka."

"Wane gado?" in ji Tolliver. "Ni na ba da kalmata, Lemuel. Ban san wani gado ba. Na ce ga gadon aure a Pell. Ƙarya na yi?"

"Kai ƙaramin mugu ne."

"Ƙarami dai. To tashi ranar Litinin a kotu ka gaya wa gunduma. Ka ce namijin nan mai riƙon gida, matarsa ta kore shi daga ɗaki kamar kyanwar da ta sha madara. Ka faɗi dalili." Ya ja linzami. "Ba za ka iya ba. Shekara ashirin ina kwana a bayanka, na san ka. Kuma ko ka so, wa zai shaide ka? Wanda ake ƙara ba ya shaida a shari'arsa. Mata ba ta shaidar mijinta. Sai dai ka kira karen."

Ya hau ya tafi yana fito.

Craddock ya koma ɗakin gabas ya zauna. Sammacin yana kan teburi. Ya sake karanta shi, ba don komai ba sai don ya ƙara jin haushi. A layi na biyu idonsa ya tsaya. Mai ƙara, Enos Fitch. Doka ta rufe bakin mai ƙara, ta rufe bakin wanda ake ƙara, ta rufe bakin matansu. Ba ta ce komai ba a kan lauya. Da Tolliver ya shigar da ƙarar da sunansa, da ba mai iya sa shi rantsuwa. Wayonsa ya yi yawa, ya bar ƙofa a buɗe.

Craddock ya ga ƙofar sarai. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ƙofa ce, amma sai mutum ya sunkuya zai shige ta, shi kuwa bai saba sunkuyo ba.

Kwana huɗu yana neman wata hanya. Ya buɗe littattafai bakwai. Ya sa sirdi ya je ya duba bishiyar ko saran nata huɗu ne. Uku ne. Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci ya zauna a zaure, ƙafa ɗaya a Ashby ɗaya a Pell, ya ce wa Keziah yana tunanin janyewa. Zai ce ƙafarsa ce ta matsa masa.

Keziah tana guge farar rigarsa. Ba ta ɗago ba.

"Wannan rigar, Mista Craddock, sau uku na goge ta don zaɓe. Sau uku na gasa rago, na dafa masara tukunya tukunya, na tsaya a rana ina zuba wa ƙartin da ba su ma zaɓe ka ba. Ban taɓa cewa ƙafata ba."

"Ba ki gane ba, Keziah. Mutuncin mutum..."

"Na gane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kujera kake so, ko kuwa a ce ba ka minshari?"

"Ba na yi."

"To." Ta ɗaga rigar ta duba wuyan. "Ga ta nan. Ka sa gobe ko ka bari, duk ɗaya. Ni dai barcina nake yi."

Ranar Litinin ranar kotu ce, garin ya cika. Masu sayar da dawaki, masu ruwan tuffa, masu kankana, duk sun bar kayansu sun cushe a ɗakin shari'a. Waɗanda ba su samu wuri ba suka leƙo ta taga. Keziah ta zauna a bencin baya da saƙarta. Enos Fitch yana gaba cikin rigar aro, yana hamma.

Tolliver ya yi aikinsa da kyau, ba a hana shi. Ya kira safiyo, ya shaidi layin. Ya kira mutum biyu da suka hango gadon. Ya ɗauko littafin kotu ya karanta hukuncin mai injin niƙa, har yana kwaikwayon muryar Craddock. Ya rufe da cewa doka tana ɗaukar miji yana kwana inda matarsa take kwana, sai in an kawo shaidar akasin haka. Ya zauna, ya harɗe gajerun ƙafafunsa.

Alƙali Pruett tsoho ne mai ciwon baya, ba ya son dogon zama. Ya dubi Craddock ta saman tabarau.

"Lauya Craddock, kana da shaida?"

Craddock yana zaune cikin farar riga. Ya dubi tagar, ya ga fuskokin da suka sha jin maganarsa ta riƙon gida. Ya dubi Tolliver. Murmushin nan yana nan, na wanda ya auna ka ya san tsawonka. Shi ne abin da Craddock ya kasa haɗiyewa. A yi masa dariya abu ne mai ɗaci. Amma a ce Barnabas Tolliver ya san iyakarsa, ya kafa tarko daidai wuyansa, ya koma ya zauna yana jira, wannan ya fi.

Alƙali ya tsoma alƙalami a tawada.

Craddock ya miƙe. "Ina da shaida ɗaya, ranka ya daɗe. Ina kiran Barnabas Tolliver."

Murmushin ya tafi. Tolliver ya zabura. "Ranka ya daɗe, wannan wasa ne! Ni nake ƙara, yaya za a yi in yi shaida?"

"Kai kake ƙara?" Alƙali ya jawo takardar kusa da hanci. "Ni a nan Enos Fitch na gani. Enos, kai ne mai ƙara?"

Maƙerin ya tashi a rikice. "Haka aka ce mini, ranka ya daɗe."

"To zauna. Lauya Tolliver, kai ba mai ƙara ba ne, ba matar kowa ba ce. Zo ka ɗora hannu."

"Ina da ruwa a zaɓen, ranka ya daɗe."

"Shaidar da mutum zai bayar ta cuce shi ta fi kowace daɗin ji. Zo."

Tolliver ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse. Sanƙonsa ya fara ƙyalli. Ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Lemuel, na ba ka kalmata. Ka tuna."

"Na mayar maka da ita," in ji Craddock, da muryar da dawakin waje suka ji. "Shaida, gado nawa ne a gidana?"

"Biyu."

"Na biyun yana ina?"

"Ɗakin gabas. Bayan akwatin littattafai."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Ni na kama ƙafafunsa."

Aka fara ƙus ƙus a baya.

"Yaushe?"

"Kakar shekarar da ta wuce waccan. Shekara biyu ba wata biyu."

"Wa yake kwana a kai?"

"Kai."

"Da idonka ka gani, ko labari ka ji?"

Tolliver ya yi ajiyar zuciya. Ya ga ruwa ya riga ya ci gonar, saura ya yi wanka a ciki. "Da idona, da kunnena. A watan Maris kogi ya cika, na kwana uku a gidan. A ɗakin aka sauke ni. Hular barcinka tana rataye a ƙusa, askarka tana kan taga. Katifar ta yi rami daidai kai, irin ramin da ba a yi a wata shida. Duk rangadi ni nake biyo maka da sassafe, kuma daga wannan ƙofar kake fitowa."

"Shi ke nan, ranka ya daɗe," in ji Craddock da sauri, zai zauna.

"Dakata," in ji alƙali. "Mutum yakan kwana a ɗakin aiki in aiki ya yi yawa. Kotu tana so ta san ko zama ne na dindindin. Sai an faɗi dalili. Shaidarka ne, Lauya Craddock. Ko ka tambaye shi, ko in ɗauka leƙawa kake yi."

Ana jin ƙarar allurar saƙar Keziah daga bencin baya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Craddock ya gyara wuyan riga, ya ɗaga haɓa kamar wanda za a rataye da laifin wani.

"Shaida, me ya sa aka kai gadon can?"

"Ka tabbata, Lemuel?"

"Amsa za ka yi."

"Uwargida ce ta ce ta gaji, ranka ya daɗe. Minshari."

Dariya ta tashi kamar an ɓalle madatsar ruwa. Na taga suka juya suna gaya wa na waje, na waje suka ɗauka. Ɗan doka ya yi ta buga sanda a banza. Tolliver kuwa, tunda ya rasa shari'a, ya ƙudura ba zai rasa labarin ba.

"Na rantse zan faɗi gaskiya duka, ranka ya daɗe, a bar ni in cika rantsuwata. Yakan fara ne kamar ana zarto a nesa. Sai ya koma kamar keken shanu a kan gadar katako. Sai ya yi shiru, ka ce Allah ya karɓi abinsa, ka fara yi wa matarsa ta'aziyya a zuci. Sai ya dawo da na baya duka a haɗe. A masaukin mashigi an taɓa fitowa da bindiga, an ɗauka beyar ce, ƙatuwar dabbar dajin nan, ta shiga rumbu. A watan Maris ɗin ma a bargarsa na ƙare. Dokinsa ya san ni."

"Ranka ya daɗe, wannan ya wuce tambayata!" in ji Craddock.

"Ya wuce," in ji alƙali, yana goge ido da hannun riga. "Kuma kotu ba ta buƙatar shaida a kan wannan. Kotu ta sha kwana a ɗakin da ke kusa." Ya rubuta layi uku. "Inda mutum yake kwana nan ne garinsa. Lemuel Craddock yana kwana a Ashby. An kori ƙara. Enos, je ka mayar da rigar mutane."

Craddock ya fita ta tsakiyar jama'a bai dubi kowa ba. Ya ci shari'a, amma a ransa ya gama cewa ya faɗi zaɓe. Wa zai aika abin dariya majalisa?

Ranar zaɓe aka kafa dogon teburi a gaban kotu. Babban ɗan dokan gunduma yana tsakiya, akawu a gefensa, 'yan takara biyu a kan benci, ɗaya a kowane ƙarshe. Kowane mai ƙuri'a zai zo ya tsaya ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, kowa yana ji, wanda aka zaɓa ya tashi ya yi godiya. Kafin a fara, wani ƙato daga cikin mutanen Tolliver ya haye ganga ya ɗaga murya.

"Lauya! Yaya maganar nan take? Namijin da bai iya riƙe gidansa ba, me za a yi masa?"

Aka yi dariya, aka zuba wa Craddock ido. Ya tashi a hankali. Bai shirya komai ba. Abin da ya zo bakinsa shi ya faɗa, kuma da fushi ya faɗe shi.

"Na riƙe rabi. Na gabas. Shi ne a Ashby, kuma Ashby nake nema. Mai son Pell ya je ya nemi izini wajen matata."

Ihun da aka yi ya fi na kotu. Craddock ya tsaya yana mamaki, domin wannan dariyar ba irin waccan ba ce. Huluna ne suke tashi.

Aka fara. Wani tsohon manomi ya zo ya ce, "Craddock. Mutumin da ya faɗi wannan a kansa ba zai ɓoye mana komai a majalisa can Frankfort ba." Wani ya ce, "Craddock, ko kyarketai sa ji shi su gudu." Mutanen Tolliver suka zo su ma, ba kaɗan ba, shi kuma yana tashi yana rusunawa da murmushinsa da ya dawo. Da azahar ana kunnen doki. Can sai ga Enos Fitch cikin rigarsa ta fata.

"Enos Fitch, wa kake zaɓa?"

Maƙerin ya murza hula. Ya saci kallon Tolliver. "Craddock," ya ce. "Ni ma shekara guda ke nan a maƙera nake kwana."

Bayansa mutum shida suka biyo a jere, duk magidanta, duk ba su dubi kowa ba, duk Craddock.

Al'ada ce 'yan takara su jefa wa juna ƙuri'a a ƙarshe. Craddock ya tashi ya ce, "Tolliver," kamar mai tofar da ƙashin kifi. Tolliver ya tashi, ya cire hula.

"Craddock. Wata uku zai yi a Frankfort, kuma can ma bibbiyu ake kwana. Allah ya ji ƙan wanda za a haɗa su. Ni na yi nawa."

Akawu ya ƙidaya. Craddock ya ci da ƙuri'a goma sha huɗu.

Da la'asar suka kama hanyar gida a keken doki, shi da Keziah, tukwanen da aka ciyar da jama'a suna ƙara a baya. Sai da suka wuce bishiyar mai sara uku Craddock ya yi gyaran murya.

"Ki lura da abu ɗaya, Keziah. Kotu ta yanke inda nake kwana. Ba ta yanke cewa ina minshari ba. Ba ya cikin hukuncin. Na duba."

"To, ranka ya daɗe ɗan majalisa."

"Abin da ya dame ni shi ne matan garin nan. Ko gira ba su ɗaga ba ranar kotu. Ba su da kunya ne?"

"Me za su ɗaga wa gira? Shekara biyu ke nan da suka sani."

Craddock ya ja linzami, dokin ya tsaya. "Kin ba ni kalmarki!"

"Ban gaya wa kowa ba. Sun ga na yi ƙiba, idona ya washe, na daina gyangyaɗi a coci. Matar Enos ce ta fara tambaya ko bango nawa ne. Na ce ni ban ce komai ba, amma ta ƙirga na gidana."

Craddock ya daɗe yana kallon kunnuwan doki. Sannan ya kaɗa linzami. Da suka isa gida ya sauke mata tukwanen, ya tsallake kare, ya tsaya a tsakiyar zaure.

"Sai da safe, mutanen Pell," ya ce.

Ya shiga Ashby ya rufe ƙofa.